Ka Yi Girkin da Abokinka Zai Iya Ramawa

Ƙannena samarin Garbadu, da ku na Mafara da Bakura da Maradun, ina so mu yi magana a kan wani abu da ake ɗauka ƙarami ne, wato mutum ya kira abokansa gida su ci abincin dare tare. Na lura abin yana neman kuɓuce muku. Haɗuwa kam kuna yi, a teburin mai shayi, a bakin tasha, a gidan kallon ƙwallo, ga kuma hirar waya da ba ta yankewa. Amma za ka tarar da abokai biyu sun yi shekara da shekaru tare, ɗaya bai taɓa sa hannu a kwanon gidan ɗayan ba, bai taɓa durƙusawa ya gaida mahaifiyarsa ba, ƙannensa ma ba su san sunansa ba. Irin wannan abota ranar da abu ya taso ake gane ba ta da saiwa.

Iyayenmu ba su san wannan giɓin ba, domin suna da ciyayya. Har yanzu akwai shiyoyin da dattawa ke riƙe da ita. Da an sallame Magariba sai ka ga yara suna fitowa daga gidaje, kowa ɗauke da akushin maigida da kwanon miya a sama, su jera a zaure ko a ƙofar gidan babba. Maza su kewaye, a buɗe kwano ɗaya a gama da shi, a jawo na gaba. Ba a cewa miyar gidan wane ta fi nama. Wanda ranar ba a ɗora tukunya a gidansa ba yakan zo ya zauna ya ƙoshi, ba mai ɗaga ido ya dube shi, asirinsa a rufe. Matafiyin da dare ya yi masa a gari yana da gurbi, abin da ya saura kuma almajiri na jiransa. Abin da ya riƙe ciyayya tsawon zamani shi ne kowa yana iya kawo nasa ba tare da jin kunya ba. Wannan ne nake so ku riƙe idan za ku kira juna.

Na faɗi haka ne saboda 'yan kaɗan daga cikinku da suke yin liyafar sun mai da ita gasa. An ga hotunan bukukuwan Abuja da Kano a waya, sai yaro ya ƙudurta a ransa cewa shi ma sai ya jera soyayyar shinkafa da salak da kaji da lemun gwangwani, kala huɗu ko biyar, ko da kuwa aljihunsa bai kai ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kun san yadda kuɗin mota da na niƙa da na kayan miya suka tashi, ba sai na ba ku labari ba. Na ga saurayin da ya taɓa kuɗin takinsa ya yi wa abokansa liyafar dawowa daga ci-rani. Kaji sun yi yawa har ana ture su, an sha hoto, an watse ana yabonsa. Da damina ta faɗi sai ga shi yana bin mutane rance, gonarsa ta yi ja. Asarar ba ta tsaya kansa ba. Daga wannan daren babu ɗaya daga cikin abokan nan da ya sake kiran sauran gidansa, domin kowa ya duba abin da aka jera masa, ya duba rumbunsa, ya ga ba zai iya ramawa ba, sai ya yi shiru. Da niyyar karramawa ya rufe ƙofar da ya so buɗewa. Saboda haka tun kafin ka je kasuwa ka tuna da wanda ya fi kowa ƙarancin hali a cikin waɗanda za ka kira, ka tambayi kanka ko zai iya yin kwatankwacin wannan idan rana ta zagayo kansa. In ba zai iya ba, rage.

Ragewar kuma ba rowa ba ce, domin Allah ya ba ƙasarmu abin da za a fita kunyar baƙo da shi. Tun da aka kammala madatsar ruwan Bakalori a kan gulbin Sakkwato a 1978, yankin nan yake ba wasu garuruwa shinkafa da tumatir da albasa da tattasai da dankali da rani, ga kifi. Mutumin da yake zaune kusa da wannan albarka ba ya buƙatar shinkafar waje kafin ya ce ya yi girki. Tuwon shinkafa 'yar gida da miyar taushe wadda ta ji kabewa da gyaɗa, a zuba man shanu a kai. Ko tuwon dawa mai laushi da miyar kuka da ta sha daddawa da busasshen kifi. Ko hoce da miyar sure, wanda ɗan Zamfara da ya daɗe a Legas ko Fatakwal yake kwana yana mafarkinsa. In hali ya yi, a ƙara farfesun tarwaɗa ko zabo guda, a ajiye soɓorodo ko kunun zaƙi mai sanyi. Abu ɗaya mai yawa wanda kowa zai ci ya ture ya fi kala huɗu da za a yi ta satar kallon juna a kai. Abokinka da ya dawo hutu daga makaranta a Sakkwato ko Zariya ya gaji da taliyar leda, tuwon gida yake nema.

Ka kuma dubi lokacin shekara. Da kaka, daga an yi girbi zuwa shigowar sanyi, hatsi sabo ne kuma hankalin kowa a kwance. Da tsakiyar rani kayan lambu na araha. A tsakiyar damina kuwa rumbu ya yi ƙasa, kowa ya wuni sunkuye a gona, ba lokacin ɗora wa gida nauyi ba ne. Wanda zai yi sayayya mai ɗan yawa ya daidaita ranarsa da kasuwar Talata ta Mafara, ya sayo kayan da ba sa lalacewa, nama da kifi kuwa a bar su sai ranar girki, musamman a watannin zafi da abu ke juyawa kafin la'asar.

Yanzu bari in zo kan waɗanda ba a ganinsu a zaure alhali su ne suka yi aikin. Kai da bakinka kawai ka kira mutane. Matarka ce, ko mahaifiyarka, ko ƙannenka mata, za su yi surfe, su wanke, su aika niƙa, su tankaɗe, su tsaya kan murhu hayaƙi na shiga musu ido, su tuƙa tuwon mutum takwas da muciya har kafaɗa ta yi tsami. Babban rashin adalci ne ka shigo da azahar ka ce wa mace, "Yau abokaina za su zo cin abinci." Ka faɗa mata kwana biyu ko uku kafin ranar, kuma ka faɗa da sigar shawara. Ita ta san abin da tukunyarta ke ɗauka, ta san ko akwai wadda za ta kama mata, ta san in waina ce sai an jiƙa shinkafa tun jiya ƙullu ya samu ya tashi. In ta ce ranar ba ta yi ba, ɗaga. Itace da ruwa da kuɗin niƙa da cefane naka ne, ka kawo su cikakku tun da safe, kada ka bar ta tana aika yaro shago ana rubuta bashi da sunanka. In mahaifiyarka ce za ta sa hannu, to ka ƙara jin nauyi. Tsohuwa ba za ta ƙi ba, za ta ce maka ba komai, amma kai ka nemo mata masu taimako.

Akwai wani abu da na ga ana yi wanda yake ƙona mini rai. A kwashe duk abin kirki a kai zaure, mata da yara su zauna suna jiran abin da zai dawo a kwano. Yaro yana leƙe ta bakin ƙofa yana ƙirga tsokar da ta rage. Kada a yi wannan a gidanka. Kafin kwanon farko ya fita, a fitar da rabon cikin gida da namansa. A kuma zuba na maƙwabta, ko da kaɗan ne, domin ƙamshin soye-soye ba ya tsayawa a katanga, kuma Manzon Allah (SAW) ya hori Abu Zarri da ya yawaita ruwan miyarsa domin maƙwabci ya samu. A wannan zamani da garuruwanmu suka cika da mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu, wataƙila gidan da ke jingine da naka marayu ne a ciki.

Wa za ka kira? Kada su yi yawa. Mutum biyar zuwa takwas sun isa, yadda za a kewaye kwano ɗaya ko biyu, magana ta zama ɗaya. Da sun wuce haka sai zaure ya rabu gida-gida, kai kuma ka koma mai zirga-zirga ba ka zauna da kowa ba. A cikin waɗanda za ka kira kada ka tsallake abokin da duniya ta juya wa baya, wanda jarinsa ya karye ko aka kwashe masa shanu, ya daina zuwa majalisa saboda ba shi da na shayi. Shi ya fi kowa buƙatar a tuna da shi, kuma shi ne ba zai taɓa kawo kansa ba. An ruwaito cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Ka taka ka same shi da kanka, kada ka tura masa saƙon waya kamar sauran. In kuwa akwai biyu da ba sa ga-maciji, ko dai ka sulhunta su tukuna, ko ka raba musu rana. Bakin kwano ba wurin shari'a ba ne.

Maganar lokaci a wajenmu ta wuce ta al'ada, ta zama ta rai. Duk wanda ya ga shekarar 2021, shekarar da aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, aka shiga kwalejin noma ta Bakura, aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya a faɗin jiha, ya san dare a hanyoyinmu ba abin wasa ba ne. Idan duk baƙinka 'yan cikin gari ne, a ci tsakanin Magariba da Isha'i kamar yadda aka saba. Idan akwai mai zuwa daga Morai ko Kagara ko Mafara, to a mai da shi bayan La'asar, ya hau babur ɗinsa da sauran rana. In hira ta yi daɗi har duhu ya shiga, hana shi tafiya, shimfiɗa masa a zaure, ya kira gida ya sanar. Kada kunya ko kawaici su sa ka sallami mutum cikin dare. Sannan ku bar yayata taron. Ba sai an sa hoton kaji a Facebook ko a WhatsApp ba, ba sai duk gari ya ji wane ya dawo da kuɗi ya yi yanka ba. Kun san akwai masu kai labari daji, kun kuma san abin da labarin ke jawowa.

Ranar da za su zo, aikin zaure naka ne. Ka share, ka yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, ka shimfiɗa tabarmi, ka tabbatar fitila ta sha caji, ka kunna maganin sauro tun da wuri yadda hayaƙinsa zai lafa kafin a kawo abinci. Ka gama duk wannan kafin sallamar farko, domin mai masauki da baƙi suka tarar yana gumi yana faɗa da yara ya riga ya sa musu nauyi a zuciya. Ka tarye su a ƙofa da sakin fuska, Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ruwan sha ne farko. Wanda bai taɓa zuwa gidan ba ka nemi izini ka kai shi ya gaida mahaifanka. Ban da wannan, iyakar abokanka zaure, gidan aure yana da hurumi ko da abokin tare kuka tashi.

Wajen wanke hannu ina da roƙo. A bar zagayawa da kwano ɗaya kowa yana tsoma hannu, na ƙarshe ya wanke da dauɗar mutum bakwai. Ka ɗauki buta da sabulu da roba, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana zuba musu. Amai da gudawa da ke addabar garuruwanmu da damina ta hannu da ruwa suke shiga. Ban da lafiya ma, akwai wani abu a cikin maigida ya sunkuya da buta a gaban abokinsa, yana zuba ruwa a hankali har kumfa ta fita, ya miƙa masa tsumma mai tsabta. Mutum ba ya manta wanda ya yi masa haka.

In abinci ya iso, ka matsar da shi gabansu, ka buɗe, ka ce bismillah, ka zauna ka ci tare da su. Dubi yadda Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Ibrahim (AS) da baƙinsa. Bai tsaya tambayarsu ko suna jin yunwa ba, ya sulale wajen iyalinsa, ya zo da gasasshen ɗan maraƙi, ya kusantar da shi gare su. Kai ma kada ka tambayi Bahaushe ko zai ci, ka san zai ce alhamdulillahi ya ƙoshi ko da tun safe bai karya ba. Kada ka cika su da ban haƙuri cewa abincin ba yawa, kada kuma ka faɗi nawa ka kashe. Nama ka raba shi da hannunka, ka tura wa kowa nasa gabansa, domin a kowane zama akwai mai kunya wanda in an bar shi zai tashi bai taɓa ko tsoka ɗaya ba. Idonka ya kasance kansa. In ka ga ya janye hannu da wuri, ka ce, "Haba Malam, ai yanzu muka fara," ka ƙara masa miya. Kai kuma kada ka riga baƙi tsame hannu, in ka tsame su ma za su tsame. Wanda ka san yana da ciwon suga ko hawan jini ko gyambon ciki, ka faɗa wa masu girki tun farko a rage gishiri da yaji da sukari, a kawo yajin daban, ba sai an tona ciwonsa a gaban jama'a ba.

Wayoyi su shiga aljihu. Hira kuma mai gida ne ke riƙe da linzaminta. Da ka ji an ɗauko sunan wanda ba ya nan za a fara cin namansa, ko gardamar jam'iyya ta fara zafi, sai ka juya akalar da tambayar yadda shinkafar wane ta yi bana, ko yadda karatu yake a Kwalejin Abdu Gusau. In kana bin ɗayansu bashi, daren nan ba na tuni ba ne. In kana da wata buƙata a wajen ɗayansu, bar ta sai wata rana, kada ya tafi yana jin cewa tuwon tarko ne.

Ƙannena mata, amare da uwayen gida, ku ma maganar ta shafe ku idan za ku tara ƙawaye. Ku nemi yardar maigida, ku yi da rana, ku dafa abin da ke gidan. Ba sai an bi maƙwabta ana aron kuloli da faranti masu tsada don a nuna wa ƙawa an fi ta ba. Wadda ta zo da goyo a ba ta wuri mai iska, a zuba wa yaranta nasu daban ta samu ta ci da natsuwa.

Wanda aka kira shi ma akwai abin da ke kansa. Ka amsa, in ba za ka samu zuwa ba ka faɗa da wuri kafin a auna tiya da kai. Ka zo kan lokaci, tuwo ba ya jiran mutum. Kada ka jawo wani ba da sanin mai gida ba. Lokacin da wani Ba'ansare mai suna Abu Shu'aibu ya yi wa Manzon Allah (SAW) girkin mutum biyar, wani ya biyo su, sai da Annabi ya tsaya ya nema masa izini kafin ya shiga. Kada ka kushe abinci, in bai yi maka ba ka ci abin da za ka iya ka yi shiru. In ka zo da ɗan goro na tsofaffi ko alewar yara, ya yi kyau. Bayan an ci an ɗan taɓa hira, ka tashi, masu gida suna da wanke-wanke da barci a gabansu. Kafin ka fita ka ɗaga murya daga zaure, ko ka aika yaro, ka ce a gaida mutanen gida da aiki, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi. Kai mai gida kuma ka raka su har bakin hanya, ka dawo ka shiga ciki ka yi wa matarka sannu da bakinka, ka faɗa mata abin da aka yaba. Sauran abinci a raba shi a daren, kada a bar shinkafa ta kwana cikin zafi.

Kafin a watse ku tsayar da gidan da za a je a wata mai zuwa, abin ya riƙa zagayawa. In ya zo kan wanda ba shi da ƙarfi, kada ku tsallake shi da sunan tausayi, wannan ya fi komai yi masa ciwo. Kwana biyu kafin ranar, ɗayanku ya sa iyalinsa su aika wa iyalin wancan tiyar shinkafa da ɗan mai, ta hannun mata, ba tare da sauran sun sani ba. Ranar kuma ku je gaba ɗayanku kan lokaci, in dambu ya kawo da rama ku ci ku nemi ƙari.